Kasafi, giɓi da rance: amsoshin tambayoyinku kan kalmomin kuɗin hukuma

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Malam, kullum muna jin an gabatar da kasafin kuɗi na biliyan kaza, amma shekara ta ƙare ba mu ga aikin da ya kai haka ba. Shin kasafi ba kuɗin da ke hannu ba ne?"

A'a, ɗan'uwa, ba shi ba ne, kuma kalmar da kanta ta faɗa maka haka. Kasafi dangin kasa ne da kashi da kaso. Wanda ya kasa kaya ya rarraba su ne tsibi-tsibi, wanda ya kasafta abu ya yanka wa kowa rabonsa. To majalisar gari idan ta zauna kan kasafin kuɗi, rabo take yi tun kafin abin ya zo: wannan kashi na albashi, wannan na ruwan sha, wannan na kwashe shara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ake rabawa ƙiyasi ne, wato kintacen kuɗin shigar da ake sa rai. In harajin bai taru yadda aka zata ba, lambar tana nan a takarda, asusu kuwa wayam. Shi ya sa na fi son 'yan jarida su riƙa bambanta "an ware" da "an saki" da "an kashe". Matakai uku ne, kuma kuɗi kan maƙale a tsakanin kowane biyu.

Abin sha'awa, kalmar bajet ta Turawa daga tsohuwar kalmar Faransanci take, mai nufin 'yar jakar fata. Su jaka suka kalla, mu rabo muka kalla. A ganina tamu ta fi kusa da gaskiyar aikin.

Wata baiwar Allah ta tambayi dalilin da ya sa ake cewa "giɓin kasafi". Dubi bakin yaron da ya famfare haƙori: jeri ya tafi daidai, sai ga wuri fayau. Wannan shi ne giɓi. A ce gari na sa ran samun miliyan 900, ayyukan da ya tsara kuma za su ci miliyan 1,000. Giɓin miliyan 100 ke nan. In abin ya juya, shiga ta fi fita, sai a ce an samu rara. In suka yi kunnen doki, daidai ruwa daidai tsaki. Kasafin ma kashi biyu ne: na ayyukan yau da kullum, irin su albashi da man motocin hukuma, da na manyan ayyuka, irin su gada da asibiti. Wanda ake kawowa a tsakiyar shekara don ƙari, shi ake kira ƙwarya-ƙwaryar kasafi.

Tambaya ta uku ita ta fi jan hankalina: "Me ya sa ba a cewa gwamnati ta yi aron kuɗi?" Hausa ta raba abin da wasu harsuna suka haɗe. Aro na abin da za ka mayar da shi kansa ne, kamar tsani ko littafi. Rance na abin da za ka kashe ko ka cinye ne, ka mayar da kwatankwacinsa. Kuɗi ba a mayar da ainihin takardun da aka karɓa, don haka rance ne. Bashi kuwa shi ne nauyin da ke kanka har ka biya, ko ta rance ya zo, ko ta aikin da ɗan kwangila ya gama ba a sallame shi ba. Lura da aikatau ɗin ma: bashi cinsa ake yi, mai shi kuma binka yake. Mutane na son kawo "bashi hanji ne, yana cikin kowa" don kare hukuma mai yawan rance. Karin maganar lallashi ce ga wanda kunya ta kama, ba izinin ƙari ba ce. Rancen da aka gina madatsar ruwa da shi, jikoki za su sha su biya. Wanda aka biya albashin wata da shi ya tafi, kuɗin ruwansa kaɗai ya bari.

Sai mai tambaya kan haraji da baitulmali. Duka biyun Larabci ne. Haraji asalinsa kuɗin da ake ɗora wa ƙasar noma, sannan Hausa ta faɗaɗa shi ya rufe kusan duk abin da hukuma ke karɓa dole. Amma kada a haɗa shi da tara, wadda hukuncin laifi ce, ko kuɗin lasisi, wanda izini kake saye da shi. Jangali harajin shanu ne, kuɗin fito na kayan da suka ƙetaro iyaka. Baitulmali kuwa ma'anarsa ɗakin dukiya, kuma a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka tsara shi ya zama ma'aikata tsayayya. Mai tsaronsa dai sunansa namu ne na gida: ma'aji, daga ajiye.