Na sauke fayil ɗin Mike da Sulley, me ya sa shagon buga takardu ya kasa fitar min da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, babban shekararsa 7, ƙaramar kuma 2 da rabi, kuma sun kusa haddace fim ɗin nan na Monsters, Inc. saboda yawan kallo. Na ga ana cewa akwai 'yan tsanan taurarin fim ɗin da ake saukewa daga intanet a buga. Na sauke na Mike da na Sulley, sunan fayil ɗin ya ƙare da STL, na kai shagon da ake buga mana takardu, yaron shagon ya ce kwamfutarsa ma ba ta buɗe shi ba. Damfara ce, ko ni ce ban gane ba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba damfara ba ce, kuma yaron shagon bai yi miki ƙarya ba. Abin da kika sauke ba hoto ba ne. STL taswirar jikin abu ce ta kowane ɓangare, gaba da baya da sama da ƙasa, an haɗa ta da dubban ƙananan siffofi masu kusurwa uku. Kamfanin 3D Systems na Amurka ne ya fito da tsarin tun 1987. Babu launi a cikinsa, babu shafi, don haka firintar takarda ba ta da abin da za ta yi da shi. Na'urar da ke karɓarsa daban ce, wadda ake kira firintar 3D.

Irin wadda ta fi yawa tana narka zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta fitar da shi ta wani siririn baki, yawanci mai faɗin milimita 0.4, tana shimfiɗa shi hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. Kafin nan sai an saka fayil ɗin a wata manhaja kamar Cura ko PrusaSlicer, ta yayyanka siffar ta gaya wa na'urar inda za ta bi. Idan kowane hawa milimita 0.2 ne, 'yar tsana mai tsawon santimita 10 za ta ci hawa 500. Idan aka rage zuwa 0.1 don fuskar ta yi sumul, hawa 1,000 ke nan, lokacin ma ya kusa ninkawa. Shi ya sa aikin yake cin sa'o'i, kuma masu na'urar da yawa suna caji ne da awa da nauyin robar da aka ci.

Abu ɗaya za ki riƙe, sauran bayanin duk daga gare shi ya fito: na'urar kamar magini take, ba ta ɗora bulo a kan iska. Duk hawan da za ta shimfiɗa sai ya sami abin da zai zauna a kai. Idan jikin abu ya karkato waje ya wuce kimanin digiri 45, sai manhajar ta kafa masa matokara na roba waɗanda za a ɓalle daga baya, kuma duk inda aka ɓalle ana barin tabo.

Yanzu ki dubi Mike da wannan idon. Dunƙulallen koren jiki ne mai ido ɗaya, a kan ƙafafu biyu sirara, da hannaye sirara. Mutane sukan ɗauka shi ne mai sauƙi saboda ba shi da gashi, amma in aka buga shi a tsaye gaba ɗaya, duk ƙasan cikinsa a kan iska yake, sai an cika shi da matokara. Ƙafafun kuma nan ne matsalar ta fi girma. Abin da aka buga hawa-hawa ya fi saurin karyewa a tsakanin hawa da hawa, kuma siririyar ƙafa da aka gina a tsaye tarin ƙananan faya-fayai ce kawai aka liƙa. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe ta. Saboda haka ki nemi fayil ɗin da aka riga aka rarraba: jiki rabi biyu, ido daban, hannaye da ƙafafu daban, da ramuka da 'yan turakun haɗawa. A kwantar da ƙafafun a buga su a kwance, yadda zaren zai bi tsawonsu, sannan a haɗa da sufa gulu. Wani amfanin rarrabawar shi ne kowane yanki za a iya buga shi da zaren launinsa, kore ga jiki, fari ga ido da haƙora, ba sai an sha wahalar fenti ba.

Sulley matsalarsa gashi ne. Lokacin da Pixar, masana'antar da ta shirya fim ɗin, ta fitar da shi a 2001, ƙarƙashin jagorancin Pete Docter, abin da aka fi yi mata magana a kai shi ne gashin Sulley, sili sama da miliyan 2.3 da kwamfuta ke motsawa. Babu firintar gida da za ta kwaikwayi wannan. Masu zana fayilolin suna sassaƙa gashin ne curi-curi, kuma idan aka buga shi ƙarami, ƙasa da santimita 10 misali, curin sai ya cakuɗe ya zama kamar ƙuraje. Ga kuma ɗigo-ɗigon shunayya a kan shuɗin jikinsa, wanda dole sai da buroshi. A wajena Sulley aikin karo na biyu ne. Randall kuwa, mugun dodon fim ɗin mai gaɓoɓi takwas da doguwar jela da tukkaye a ka, ki bar wa masu son wahala.

Da ni za ki bi, da abin da ba tauraro ba za ki fara: gwangwanin nan mai launin rawaya da dodannin ke tara ihun yara a ciki. Miƙaƙƙe ne, gindinsa a shimfiɗe, ba ya bukatar matokara sosai, kuma ɗan shekara 7 zai gane shi daga nesa. Da shi za ki auna hannun mai na'urar kafin ki ba shi babban aiki.

Sai batun roba, wanda yanayinmu ya shiga ciki. Wadda aka fi amfani da ita ita ce PLA, ana yin ta daga sitacin masara ko rake, tana da sauƙin bugawa a zafin digiri 190 zuwa 220. Illarta ita ce tana fara laushi tun daga wajen digiri 55 zuwa 60. Motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu, gaban gilashinta yana iya kai wannan zafin, sai ki dawo ki tarar Mike ya durƙusa. Wata robar da ake kira PETG ta fi juriya, sai kusan digiri 80 take laushi, kuma ba ta cika tsagewa ba in ta faɗi. Don abin wasan yara ita zan zaɓa. Akwai kuma firintar rezin, mai daskarar da ruwan roba da haske, wadda ke yin hawa na milimita 0.05 kuma ita ce za ta fito da gashin Sulley da kyau. Sai dai ɗanyen ruwan yana cutar da fata, sai da safar hannu, sai an wanke an ƙara gasawa da haske, kuma abin da aka buga da irin wanda aka saba amfani da shi yana saurin karyewa. Na ajiyewa a kabat ne, ba na hannun yaro ba.

Masu irin wannan na'ura ana samunsu a wasu sassan injiniya na jami'o'i da cibiyoyin koyar da fasahar zamani a manyan birane, wasu kuma kina tura musu fayil ta waya su aiko da kayan ta tasha. Ki faɗi tsawon da kike so da santimita, domin STL ba ya ɗauke da ma'auni, kuma fayil ɗin da aka zana da inci yakan buɗe a matsayin milimita, ya fito ɗan mitsitsi. Ki kuma tambaya ko na'urar tana kan inbata. Wasu suna iya ci gaba bayan an ɗauke wuta, amma sau da yawa ana ganin layi a inda aikin ya tsaya, wani lokacin ma abin ya ɓamɓare daga farantin da ake gina shi a kai in farantin ya huce.

Idan kuma kina son abin da shagon unguwa zai iya yi miki yau, akwai nau'i na biyu: na takarda, mai zuwa a PDF. Ana buga shi a kwali mai nauyin giram 160 zuwa 200, a yanka, a nannaɗe, a liƙe da gam. Ki ce a buga dukan shafukan da girma ɗaya, kada a bar kwamfuta ta rage wani don ya cika shafi. Yawancin fayilolin Amurka an tsara su ne a kan takardarsu mai milimita 216 da 279, tamu A4 kuwa 210 ce da 297, kuma in aka rage shafi ɗaya aka bar ɗaya, gaɓoɓin ba za su haɗu ba. Kafin lanƙwasawa, a bi layukan da rula da biron da tawadarsa ta ƙare. A nan ma Mike na gaske yana da wuya, don takarda ba ta dunƙulewa sai an yayyanka ta gunduwa-gunduwa masu yawa. Ki nemi wanda aka mayar da jikinsa akwati mai kusurwa huɗu, ko ƙofar ɗakin Boo, 'yar yarinyar fim ɗin, farar ƙofar nan mai furanni ruwan hoda. Babban naki zai iya haɗa ta da kansa in kika yanka masa.

Fayilolin waɗannan taurari da ke shafukan intanet irin su Thingiverse da Printables da Cults3D masoya fim ɗin ne suka zana su. Taurarin kansu mallakar Disney ne, wadda ta sayi Pixar a 2006. Izinin da mai zanen ya rubuta a shafinsa ya tsaya ne a kan aikin hannunsa, bai ba kowa damar buga Mike ɗari ya kai kasuwa ba, in ma tunanin sana'a ya zo miki daga baya.

Ƙaramar kuwa, kada a ba ta ko ɗaya daga cikin na robar. Dokar kayan wasa a Amurka da Turai ta hana sayar da abin wasan da aka yi don yaron da bai kai shekara 3 ba idan yana da yankin da zai shige cikin bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, saboda shaƙewa, kuma ƙahonin Mike da yatsunsa da turakun haɗi duk sun fi haka ƙanƙanta da zarar sun ɓalle. Ita a saya mata na yadi mai laushi wanda idonsa ɗinki ne, na yayanta kuma a ajiye shi inda hannunta ba ya kaiwa.