Matakin Ƙafar Babur Ɗin Daji: Kafin Ka Kunna Injin Walda

Yaro, jiya da la'asar ka tare ni da tambaya ina tsaka da haɗa kabireta, na ce ka bari sai na natsu. Cewa ka yi: "Oga, babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu da aka kawo matakin ƙafarsa na dama yana lilo, me zai hana mu samo ƙarfe mai kauri mu walde shi da jikin firam gaba ɗaya, kowa ya huta?" To ga amsarka. Na rubuta ne don sauran yaran ma su gani, domin na lura duk hannunku ɗaya: da kun ga abu yana motsi sai ku jawo wayar walda.

Ba za mu walde shi da firam ba, kuma ƙarfe mai kaurin nan da kake tunani shi ne zai kashe babur ɗin.

Kai ka tashi ne a kan baburan gari da Adaidaita Sahu, waɗanda suka cika garejin nan tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013. A yawancin baburan gari matakin sanda ɗaya ce ta ratsa ƙarƙashin inji, mutum yana zaune daram, ƙafa kawai ya ɗora, nauyinsa na kan sit. Irin wannan kuwa, dangin Yamaha DT da XTZ, Honda XL da XR, Suzuki DR, an ƙera su ne su bi kwalta su kuma faɗa daji, shi ya sa ka ga tayar gaban da yawansu inci 21 ce. In hanya ta ɓaci, a tsaye ake tuƙa su. Mai wannan da ke gabanmu malamin gona ne, Tudun Wada da Doguwa yake zuwa, har Riruwai inda dutse ya fi ƙasa yawa. Ka ƙaddara mutum mai kilo 80 a tsaye, wani lokaci duk nauyinsa a ƙafa ɗaya, sannan ya faɗa kwazazzabo. Nauyin nan ninkuwa yake yi. Matakin kuma ya fito waje kamar santimita goma. Ka san yadda kake zura fayif a wutsiyar sifana in noti ya ƙi kwancewa? Haka matakin yake yi wa notuna biyun da ke riƙe da shi, 'yan M8, wato masu kaurin milimita 8, masu kan sifana 12, duk ramin da aka shiga.

Saboda haka aikin farko na ido ne. Kwance matakin da hannun da ke riƙe shi, ka wanke wurin tas da buroshin waya. In kafin ka wanke ka ga wani jan gari kamar barkono ya zagaye ramin notin, ba tsatsar ruwan sama ba ce, ƙarfe ne yake ta gogar ɗan'uwansa, wato notin ya daɗe da sassautawa. Sai ka shafa kananzir a wurin, ka goge ya bushe, ka barbaɗa garin alli. Ka ba shi minti kaɗan. Duk inda akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana maka layi a kan allin. Da wannan dabarar na sha kama tsagar da ido bai gani ba. Kuma ka ɗauko mayen ƙarfen tsohuwar sifikar nan da ke maƙale a ƙofa ka manna wa firam ɗin da hannun matakin. Inda bai kama ba alminiyon ne, injin waldarmu ba shi da abin yi a wurin, sai a kai wa masu waldar gas ɗin agon, ko a sayo wani.

A goma, tara matsalar noti ce, ba ta walda ba. Ka riƙe wannan da kyau: ba jikin notin ne ya kamata ya ɗauki nauyin mutum ba. Aikinsa ya matse ƙarafa biyun nan su zama kamar ɗaya, matsewar ce ke ɗaukar nauyi. Ran da ya sassauta ko da kaurin takarda, sai ya fara lanƙwasa sama da ƙasa, kamar yadda kake karya waya da hannu, har ya gaji ya tsinke ko ya cinye zaren macen notin da ke cikin firam. Me ke sassauta shi? Girgizar hanya, da fenti mai kauri ko yashi da aka bari tsakanin ƙarafan, wanda in ya murƙushe sai wuri ya samu. Sai kuma notin banza.

Juya kan notin ka karanta. Za ka ga 8.8, ko 10.9, ko 12.9; lambar da ke kafin ɗigo in ka ninka ta da ɗari ita ce ƙarfin jansa, wato 800, 1000 da 1200 a ma'auninsu na megafaskal. Wanda kansa babu komai, ka ajiye shi don ɗaure lambar babur. A wurin nan 10.9 nake so. Kada ƙyalƙyalin farin notin da ba ya tsatsa ya ruɗe ka, na kasuwa da aka fi samu 700 ne, ko 8.8 bai kai ba, kuma yana da halin cijewa a zare ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ni in zan saya, na fi yarda da wanda aka kwance daga jikin mota a Ƙofar Ruwa, matuƙar zarensa lafiya kuma bai miƙe ba, a kan sabo fil na leda da aka buga wa lamba don ado. Ka ɗan goga masa magagari: na kirki yana turjewa, na banza kamar sabulu yake.

In zaren ciki ya mutu, hanya uku ce. Akwai zaren waya da ake murɗawa a ramin bayan an ɗan faɗaɗa shi, yana aiki in an sa shi a miƙe. Ko kuma, in naman ƙarfen ya isa, a buɗe ramin da bakin huda na milimita 8.8 a yanka sabon zare na M10 mai tazarar 1.25, a faɗaɗa ramin hannun matakin shi ma. Amma ka leƙa da tocila tukuna. Wasu macen notin da ke ciki siririya ce, ɗigon walda biyu ko uku ne kawai ke riƙe da ita. In ka buɗe ta zuwa 10, ɓawo kawai ka bari. Irin wannan sai hanya ta uku, wadda na fi so ko da ta fi cin lokaci: a yanka 'yar taga a bayan akwatin ƙarfen, a fitar da tsohuwar, a sa doguwar mace mai kauri yadda namijin zai shiga aƙalla milimita 12, a walde ta, a mayar da tagar. Kafin ka ɗiga wuta, ka ɗaura hannun matakin a mazauninsa da tsofaffin notuna, su za su tsayar maka da ramukan daidai su kuma kare zaren daga tartsatsi. In macen mai farin rufi ce, ka gurje rufin, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi kuma yana ɓata walda.

Wajen ɗaurewa: fuska biyun su zama ƙarfe tsirara, a ɗiga maganin riƙe zare, shuɗin, ba jan ba, don jan sai da wuta yake kwancewa. M8 mai 8.8 wajen 25 Nm yake so a sifanar awo, wadda ke nuna ƙarfin ɗauri, mai 10.9 wajen 35. Ba a tsalle a kan sifana.

To in allin ya nuna tsaga fa? A nan ne walda ta shigo, kuma a nan ake gyaran gangar Auzinawa. Ina da ƙuruciya na taɓa yin daidai abin da ka ce. Na yanko filet mai kaurin milimita 6, na liƙa a fayif ɗin firam wanda bai fi milimita 2 ba, na zagaye shi da walda ruf, ina ta jin daɗi. Mai babur ya biya har da tukuici. Kafin damina ta fita aka kawo shi a bayan akori-kura, firam ya tsinke daidai bakin inda waldata ta ƙare, filet ɗina kuwa ko gezau. Maigidana bai ce min uffan ba, ya dai sa na riƙe guntayen biyu a hannu ina kallo har aka kira magariba. Firam yana da ɗan lanƙwasawar da yake yi yana shanye duka. In ka sandarar da wuri ɗaya, duk wahalar sai ta taru a bakin wurin, inda zafin walda ya riga ya raunana. Kuma in babur ya faɗi, so ake matakin ya naɗe a kan fin ɗinsa, sifirin ya dawo da shi. In abin ya yi muni, hannun matakin ya lanƙwashe. Wannan kuɗinsa kaɗan ne, a Fagge ko Sabon Gari za ka nemo. Firam kuwa lambar shasi ce a jikinsa, ita ke cikin takardun mutum.

Ga yadda ake yi. Cire tanki ka kai shi nesa, cire kan batir, zare soket ɗin CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta. Wasu manyan, irin XR650L da DR-Z400, baƙin mai a cikin firam ɗinsu yake zama, sai an juye. Wayar at ɗin injin walda, wadda ake maƙala wa ƙarfen da ake waldewa, ka maƙala ta dab da inda za ka yi aiki, a ƙarfe tsirara, kada wuta ta ratsa ta cikin boris. Huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, ka gurje ta ta yi kwari, sannan ka cike da sandar walda geji 12, wuta ƙasa-ƙasa, ɗan taƙi ka tsaya, ɗan taƙi ka tsaya. In wutar lantarkin ranar tana sama da ƙasa, gara a tada janareta. Ƙarfen tallafi kada ya wuce milimita 3, a yanka shi kusurwa uku, ƙarshensa ya sirance a hankali, ya kwanta a gefen fayif ɗin ya bi tsawonsa. Kada waldarka ta yi wa fayif zobe. Wurin yana kusa da sandar da ƙafar baya ke lilo a kanta, akwai roba da giris, ka naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan abin nan da na ga kuna yi, fasa fiya wata a kan walda mai ja don a yi sauri, in na sake gani za mu ɓata. A bar ta ta huce da kanta.

Gobe in Allah ya kai mu, kai za ka kwance na dama da na hagu duka, don wanda bai yi magana ba shi ma hanya ɗaya suka bi. Kafin ka kwance ka auna tazarar matakin da fedar birki, ka rubuta a bango, domin in mun gama dole birkin ya sauka har ƙasa bai taɓa komai ba, sandar giya ma haka. Ka taho da alli daga gida, namu ya ƙare.