Amsa ga ɗana mai koyar da Turanci a Foland

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma tambayarka ta ba ni dariya, ta ɗan dame ni kuma. Ka ce makarantar da kake koyar da Turanci ta ba ka aikin shirya darussa kan tarihin Foland da abin da mutanenta ke alfahari da shi, kana son ka san ko a al'ada ya dace baƙo ya tsaya gaban 'yan gida yana faɗa musu ko su wane ne. Abin da ya dame ni shi ne cewar da ka yi ka riga ka tattaro komai daga intanet, saura ka karanta musu.

Na san abin da ka tattaro: Rasha da Farusiya (tsohuwar daular Jamusawa) da Ostiriya sun yayyaga ƙasar a 1772 da 1793 da 1795, ta ɓace daga taswira shekara 123, sai ranar 11 ga Nuwamba 1918 ta dawo. Duk gaskiya ne, amma ɗalibanka sun san wannan tun suna firamare. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lokacin da nake karatu a birnin Lodz, a watan Disamba na 1981 Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja domin ya karya ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity. An yanke wayoyi, an hana fita da dare, sojoji na jin ɗumin wuta a bakin titi, nama kuwa sai da katin rabo na gwamnati. A cikin wannan hali wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu cin abincin jajiberin Kirsimeti. Na je da fargabar naman alade, sai na tarar a wannan dare ba sa cin nama ko kaɗan, sai kifi da miyar gwoza ja da kabeji. Ba a zauna ba sai da yara suka hango tauraro na farko ta taga. An sa busasshiyar ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur, an kuma bar kujera ɗaya da faranti babu kowa, domin baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. A shekarar nan gidaje da yawa suna kallon kujerar suna tuna 'yan uwansu da aka tsare.

Bayan an ci, kakar abokina ta soma magana, jikanta yana fassara mini. Ta ce da Jamusawa suka mamaye ƙasar a 1939 suka rufe makarantun 'yan ƙasa a Lodz, ita takan tara yara a ɗakin girki tana koya musu karatu da tarihi, da kayan ɗinki baje a kan tebur, domin in aka buga ƙofa a ce ɗinki ake koyo. Ta san in an kama ta, sansanin gwale-gwale ne ko kisa. Tana faɗa tana murza gefen mayafin da yatsunta, babu wanda ya katse ta, har ɗanta da na san ya sha jin labarin. Ban yi tambaya ba sai da ta gama, domin mahaifiyarmu ta horar da mu cewa baƙo kunnensa ya fi bakinsa aiki.

Ku 'yan zamani ba ku da haƙurin wannan zama. Kun fi yarda da waya a kan tsoho, kuma ina shakka ko kai kanka za ka iya ba da labarin yadda kakanka ya yi fatauci zuwa Kumasi, alhali ka tashi a gabansa. Wannan yana yi mini ciwo.

Saboda haka ka aika ɗalibanka gida su tambayi kakanninsu inda suke a 1981, ko abin da ya sami danginsu lokacin boren da mutanen birnin Warsaw suka yi wa Jamusawa a 1944, su dawo su ba da labarin da Turanci, kai kuma ka gyara musu nahawu da lafazi. In suka saɓa a tsakaninsu kan Lech Walesa, wanda ya jagoranci Solidarity, kuma za su saɓa, kada ka ɗauki ɓangare. In aka gayyace ka jajiberin Kirsimeti, ka je da ɗan tsaraba a hannu, ka fara gaida mafi tsufa a gidan. Ka kuma kira mahaifiyarka, ta ce ta kwana biyu ba ta ji muryarka ba.

Kawunka.