Ta ina zan fara bincike kan hukunci a Arewa bayan mulkin mallaka?

Ɗan'uwa, ka ce kana son rubuta kundin digiri na biyu kan laifi da hukunci bayan tafiyar Turawa, amma maudu'in ya yi maka faɗi. Lallai da faɗi. Ka rage shi zuwa lardi ɗaya da shekaru goma zuwa ashirin.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar 1960 kamar katanga. Dokar Final Kod (Penal Code, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu) da ta fara aiki a Arewa a shekarar, daga ta Sudan aka samo ta, ita kuma ta Sudan daga dokar Indiya ta 1860. Kotunan alkalai da gidajen yarin En'e kuwa sun ci gaba a hannun sarakuna har sai da sojoji suka karɓe su wajen 1968. A ganina nan naman yake, ya fi batun ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 2000 da kowa ya riga ya tattake.

Ka je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa. Rahotannin Razdan, wato babban jami'in lardi, da Turanci suke, amma rajistocin alkalai da yawa da Larabci ne, rubutun hannu, don haka ka nemi malamin da zai karanta maka. Kuma ka tuna rahoton jami'i muryar hukuma ce, ba ta wanda aka ɗaure ba.

In za ka yi hira da fursunoni, sai da izinin hukumar gidajen gyaran hali da na kwamitin ɗa'a na jami'arku. Fassarar sassan doka kuwa, ka kai wa malamin shari'a ya duba.