Mabuɗin rautarka yana hannun ɗan wanka

Wani mai shagon buga takardu da cike fom ta intanet ya rubuto cewa datar da yake saya ta wata guda tana ƙarewa kafin rabin wata. Ɗan wansa ne ya haɗa masa rautar shagon, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayi babban tsarin data, ya riƙa sayar wa maƙwabtan shaguna waifai.

Malam, ka ajiye maganar bashi tukuna, domin wanda bai san inda datarsa take zuwa ba bai kai matsayin sayar da ita ba. Ko da shaguna goma sun amince su biya ka naira dubu uku-uku a wata, dubu talatin ke nan, kuma a halin da kake ciki fiye da rabinsu za su samu kalmar sirrin kyauta ta bayan gida.

Kuskurenka shi ne ka bar wa yaron mabuɗin na'urar. Rauta tana da kalmar sirri biyu: ta shiga waifai, wadda kake ba mutane, da ta shiga saitin na'urar, wadda mai riƙe da ita yake iya sauya komai. Ta biyun ce ba ka sani ba, kuma sau da yawa ana barinta yadda kamfani ya saka, wato admin, a rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar. Ba lallai ne yaron ya ci amanarka ba. Ya isa a ce ya ba abokinsa guda damar shiga waifai ɗin, domin wayoyin Android na yanzu suna raba waifai ta hoton lambar QR ba tare da an furta kalmar ba.

Na san wani mai shago da ya sami saɓani da ƙaninsa, ƙanin ya tafi da kalmar saitin a kansa. Da ya danna maɓallin mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani, sai sunan shiga da kalmar da kamfanin intanet ya ba layinsa na DSL, wato intanet mai bin igiyar tarho, suka goge tare, kuma bai rubuta su ko'ina ba. Shagon ya zauna babu aiki a daidai lokacin rajistar jarrabawa.

Ka zaunar da yaron cikin mutunci, ku buɗe shafin saitin rautar a kwamfuta, wanda adireshinsa galibi 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, ka sauya kalmar saitin da hannunka bayan ya juya baya. Ka sa wa waifai tsarin tsaro na WPA2 da kalmar da ta wuce haruffa takwas, wadda ba lambar wayarka ba ce, sannan ka kashe WPS, wato saitin da ke bari a haɗa na'ura da waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Ka rubuta kalmomin nan da bayanan kamfanin intanet a littafin cinikinka. Bayan haka ka riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe kowane mako har wata ya cika, ka kawo mini lissafin datar, sai mu duba ko akwai rarar sayarwa.