Amsa ga Yayata da ke Tawa a kan shayin kaka da tsofaffin tangaran

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara, na ga tambayar da kika yi a kan hotunan zaman shayin da muka yi a gidana nan Lille, a arewacin Faransa. Kin ce kin ga kofuna kowane da irin nasa, faranti wani mai furen shuɗi wani mai jan baki, kuma kin ji cewa kayan gwanjo ne, shi ne kike son sanin ko rashi ne ya sa muke tarbar baƙi da abin da wasu suka riga suka ci a ciki, ko kuwa mun bar tarbiyyar gida ne. Tambayar tana kan hanya, domin a Tawa macen da ta fitar wa baƙo da kwanon da ba a san asalinsa ba ta jawo wa kanta magana.

Sai na fara da lokacin, don shi ne tushen abin. Kakar nan ba lokacin sabon hatsi da walwala ba ce irin tamu. Daga watan Satumba ganye yake soma yin ja yana zuba, yayyafi ba ya yankewa, sanyi yana ƙaruwa kullum, kuma a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai lokacinmu ya yi daidai da naku na Nijar, amma rana ta riƙa faɗuwa da wuri, har a watan Disamba mukan yi sallar magariba kafin ƙarfe 5. Mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, kowa ya kulle ƙofarsa, babu zaure, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta yi sallama ta shigo ɗibar wuta. Mace tana iya daɗewa ba ta yi Hausa da kowa ba sai a waya, kuma na ga yadda wannan kaɗaici yake cin sababbin zuwa, musamman amare. Saboda haka muka tsara cewa idan kaka ta shiga, ranar Asabar ko Lahadi bayan azahar, ɗaya daga cikinmu za ta karɓi sauran. Dole a sa rana tun da wuri, abin da a gida za a ga kamar rowa ce, amma a nan in ba a yi haka ba babu wadda za ta samu zuwa.

Game da kayan kuwa, mutanen ƙasar nan suna girmama tsohon tangaran fiye da sabo, kuma da na zauna na duba sai na ga suna da hujja. A shekarar 1768 aka gano farar ƙasar da ake yin tangaran da ita kusa da garin Limoges, aka buɗe masana'antar farko a 1771, kuma har yau idan kika kifa faranti kika ga hatimin garin a gindinsa, kin san aikin ƙwarai ne. Kofin irin wannan in kika ɗaga shi wajen taga sai ki ga haske yana ratsa shi, in kika ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce ya yi ƙara siririya mai daɗewa, wanda ya tsage kuwa ba ya amsawa. Idan tsofaffi suka rasu ko suka koma ƙaramin gida, iyalansu sukan fitar da kayan kasuwar gwanjo, kuma babbar cikinsu a nan garin take ci, a ƙarshen makon farko na Satumba kowace shekara, tituna su cika maƙil. Nakan sami kofi da ɗan farantinsa a kan yuro 2, wato jika ɗaya da ƴan kai a kuɗinmu. Da wuya a sami jeri cikakke, shi ya sa kika ga ba su yi kama da juna ba, kuma hakan ya zo mana da amfani, don kowace baƙuwa ta san nata. Ki tuna tasoshin Inna na tagulla da akushin da ta gada, waɗanda ba ta yarda yaro ya taɓa. Abin da muke gani a jikinsu shi waɗannan mutane suke gani a nasu, sai dai su sukan sayar, mu kuwa ba ma sayarwa.

Maganar tsarki ba mu yi wasa da ita ba. Duk abin da aka sayo sai an wanke shi sarai da sabulu da ruwan zafi kafin ya hau faifai, wanda ya tsage kuma ba a zuba masa abinci. Butoci da cokulan azurfa suna da yawa a kasuwar, amma ba ma sayensu saboda hanin ci da sha a cikin zinariya da azurfa, har wasunmu ba sa ɗaukar kofin da aka zagaye bakinsa da ruwan zinariya.

Shayin da kansa bai sauya ba. Koren ganyen nan na Sin ne, a ƙaramar buta, da sukari da na'ana'a, a ɗaga hannu a tsiyaya har kumfa ta tashi, a sha na fari da na biyu da na uku a ƙananan kofunan gilashi. Abin da muka rasa shi ne gawayi, domin hura shi a ɗaki rufe yana kisa, kuma tun 2015 doka ta wajabta sa na'urar jin hayaƙi a kowane gida, don haka a kan murhun lantarki muke dafawa, ɗanɗanon kuwa ba ya kai na gida. Kofunan tangaran na baƙin shayi ne mai madara da citta da kanumfari da kirfa, wanda ƴan uwanmu na Najeriya suka fi so, shi ne kuma yake korar sanyi. A faranti akwai cincin da dubulan da dabino da soyayyar gyaɗa, sannan wainar tuffa, tunda lokacinta ne, wadda wata tsohuwar maƙwabciyata Bafaranshiya ta koya mini. Ita ma takan zo, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna shiru idan muka tashi sallar la'asar.

Kin ce za ki aiko mini da cuku ta hannun mai zuwa. Na gode ƙwarai, amma kada ki wahalar da shi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga waje, kilishi da cuku duk karɓewa ake yi a filin jirgi. In da hali, ki ba shi yaji da busasshen zogale da tsamiya. A gaida Inna da kowa da kowa.