Kuka ga Allah Rashin Bangaskiya ne?

Tambaya: Tun da mijina ya rasu, duk lokacin da na durƙusa yin addu'a ba abin da ke fitowa daga bakina sai kuka da tambayar Allah dalilin da ya bar wannan ya faru. Wasu 'yan'uwa a ikilisiya sun ce hakan rashin bangaskiya ne. Shin zunubi nake yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki haƙuri. A ganina, waɗanda suka gaya miki haka sun yi gaggawar yanke hukunci, domin Littafi Mai Tsarki da kansa cike yake da irin addu'arki. A Zabura 13, Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe?" sau huɗu, yana jin kamar Allah ya manta da shi, kuma Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, amma duk da haka an bar ta cikin waƙoƙin sujada. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, sai ga shi a sura 42 abokansa masu wa'azi ne Allah ya tsawata wa. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, kuma a kan gicciye ya furta farkon Zabura 22: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?"

Abin da aka tsawata wa Isra'ilawa a jeji shi ne gunaguni, wato juya wa Allah baya suna marmarin komawa Masar. Ke kuwa gare shi kike kai kukanki. Idan baƙin cikin ya hana ki ci ko barci, ki nemi fasto ko likita ku tattauna.